Kafin a Rufa Gidan Kwaciri

Abba,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka, kai da Maryam da 'yar Ummi. Allah Ya tsare fitarku da shigarku, Ya sa ƙaurar da kuke shiri ta zama ta alheri, Ya kare ku daga sharrin abin da ke saukowa daga sama da wanda ke fitowa daga ƙasa.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, ƙofar ɗakina tana kallon taka, amma ga shi na aiko maka da wasiƙa kamar wanda yake wata uwa duniya. Ka yi mini uzuri. Kai ne ɗan fari, sunan mahaifina kuma aka sa maka, saboda haka tun kana zanen goyo ban iya zama da kai mu yi doguwar magana ba. Ban da wannan, ka san halin bakina. In na buɗe shi da niyyar nasiha, faɗa ne ke fitowa. Alƙalami ya fi harshena ladabi, kuma a cikin duk abin da karatu ya bar mini shi kaɗai ne yake jin maganata har yanzu.

Ranar Juma'a muna cin abinci a zaure ka ce ginin Kwaciri ya kai linta, rufi kawai ya rage, kuma Alhaji Ɗanlami ya ce a bar masa aikin. Na ce to, na ci gaba da cin tuwona. Wannan to ɗin daga leɓe ta fito. Tun ranar nake juya maganar.

Ka fahimce ni tun daga farko. Ban san wani mugun abu game da Alhaji Ɗanlami ba. Ƙanin mahaifin Maryam ne, shi ya ba ka aurenta, kuma ranar ɗaurin auren ya yi mana karamci. Na ji an ce yana karɓar aikin rufi, yana da kafintocinsa. Wataƙila gwani ne. Ba shi ne yake damuna ba, kai ne. Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ba kanka amsa, ba sai ka ba ni ba. In ya ce maka an gama, za ka iya jingina tsani a gaban idonsa ka hau ka duba? Na san ɗan da na haifa. A gabansa ko zama a kan kujera ba ka yi.

Bari in ba ka labarin rufin gidan nan da ka girma a ƙarƙashinsa, domin sau uku aka yi shi, kuma a kowanne na tafka nawa kuskuren.

Lokacin da kakanka ya bar mini gidan, soro ne na ƙasa, da azara, da indararo, ga rawani ya kewaye samansa. Duk bazara sai an hau an yi yaɓe kafin ruwa ya sauka. Ni kuwa na dawo daga jami'a da takardar digiri a labarin ƙasa, an ba ni koyarwa a wata sakandare ta wajen Sabon Gari. Kullum in na bi ta can a kan keke, sai in ga gidajen kwano, bakin rufinsu ya leƙo waje kamar malafa, in ji gidan ubana ya yi mini ƙauyanci. In abokan aiki za su kawo mini ziyara sai in tare su a bakin titi. Yau yawancinsu sun zama manya, wasu har su ne suke ba da kwangilar azuzuwan da rufinsu ke tashi duk damina, kuma babu mai tuna hanyar Fagge a cikinsu. Don waɗannan mutane na sa aka rushe rawanin da kakanka ya gina.

Mai rufin kuwa a allo na tsince shi. Wani shago ne kusa da Kasuwar Sabon Gari, da allo mai fenti, da mutum a ciki mai kwat da takalmi sau-ciki. Ya fito mini da hotunan gidaje ya ce duk shi ya rufa su. Yana magana yana haɗawa da Turanci, yana ce mini Yallaɓai. A lokacin nan duk wanda ya yi mini Turanci gani nake ɗan'uwana ne. Ban tambayi unguwarsu ba, ban tambayi ubansa ba, ban ce ya kai ni ko gida ɗaya daga cikin na hoton ba.

Daminar farko ruwa ya fara zuba mana a ɗaka. Silin ya yi ta fitar da tabo, wannan ya haɗu da wancan. Wata safiya Ummanku tana kwashe robobin da ta tara, ta ɗaga kai ta ce, "Malam, ga Afirka ta fito sosai. In aka ƙara ruwa biyu za ka iya kawo ɗalibanka nan ka huta da hawan keke."

Na koma shagon a fusace. Allon ba ya nan. Wani mai gyaran rediyo na tarar a ciki, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Mai kwat? Kai ne na nawa yau. In ka gan shi ka ce ya zo ya kwashe hotunansa, ga su can muna fifita da su."

To ga abin da na koya, a kyauta nake ba ka, ni kuwa da tsada na saya. Kada ka ba mutum rufinka sai ka san ƙofar da yake kwana, ka san inda yake ibada, ka san wanda in an kai ƙararsa gare shi zai ji nauyi. Mai rufi na gari ba ya ƙaura, saboda aikinsa yana saman kan maƙwabtansa. Hoto kuwa, ko a takarda ko a waya, ba ya yoyo. Ka ce ya nuna maka gidan da ya rufa wanda ya sha damina da yawa, sabon rufi kowanne kyakkyawa ne. In kun je, kada ka tsaya ga maganar maigidan. Namiji ba ya yarda an cuce shi, zai ce maka aiki ya yi kyau ko da a kan tabarma jiƙaƙƙiya ya kwana. Ka tura Maryam ta shiga ciki ta gaisa, ta sha ruwa, ta ɗaga kai ta dubi silin. Matan gida su ne masu tara roba, su ne masu janye gado daga jikin bango. Gaskiyar rufi tana wajensu.

Na biyun shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Kawunka Sale, yayan Ummanku, an sallame su daga masaƙa a shekarun da masaƙu suka fara mutuwa, sai ya shiga karɓar aikin gini da rufi. Ranar sunan ƙanwarka Zainab, zaure cike da mutane, ana raba goro, ya ɗaga murya ya ce, "Malam, ashe ana neman mai rufi a gidan nan ina raye? Ko don ba ni da kwat?" Aka yi dariya. Ni ma na yi. Na ce ai gidanka ne, Yaya. Shi ke nan, aiki ya zama nasa. Ban ga rufinsa ko ɗaya ba, kuma ban iya tambaya ba, domin wa zai ce wa yayan matarsa ya kawo shaida?

Labarin iskar ka san shi, kowa a gidan nan ya san shi. Na tsanin ne ban taɓa ba ka ba. Wata rana na dawo daga makaranta, sun jera katako ba su kai ga sa kwano ba. Tsani yana jingine a tsakar gida. Raina ya ce in hau in gani. Na jingine keke, na naɗe ƙafar wando, na ɗora ƙafa a matakin farko. Sai ya leƙo daga sama ya ce, "A'a, Malam zai duba mu ne? To ku gyara zama, ga mai jarrabawa nan. A kawo jan biro." Kafintocin suka kwashe da dariya. Ummanku tana bakin murhu, na ga ta sunkuyar da kai. Na sauke ƙafata. Na ce ruwa na zo tambaya ko kuna so.

Da a ce na hau, abin da zan gani ba ya bukatar digiri. Ka san langa-langa, siririn ƙarfen nan mai faɗi irin wanda ake ɗaure dilar atamfa da shi a Kantin Kwari. Da shi ake kama katakon rufi a ɗaure shi da jikin gini, a naɗo shi ta ƙarƙashin bulo ko a binne shi cikin linta, sannan a lanƙwaso shi bisa katako a buga ƙusa. Shi ne yake riƙe rufi in iska ta shiga ƙarƙashinsa. Kawunka bai sa ba. Ya ɗora katako a kan bango, ya jera bulo a kai don nauyi, ya shafe da siminti. Ban ce mugunta ce ba. Ina jin haka ya ga ana yi, ko kuwa sauri yake. Rawanin da zai tare iskar kuma ni na rushe shi da kaina, wannan ba zan ɗora masa ba.

Ƙarshen bazarar shekarar, bayan la'asar, gabas ta haɗe ta yi baƙi da ja. Ina masallaci, kai kana Islamiyya. Sau nawa na zana wa ɗalibai wannan hadarin a allo, da kibiyoyi, ina gaya musu daga ina yake tasowa da abin da ke tura shi. Kafin in iso lungunmu iskar ta riga ni. Waɗanda suka gani sun ce rufin gaba ɗayansa ya tashi, kamar an ɗage faifai daga kan ƙwarya, ya je ya kifa a bayan gidan maƙwabta. Allah Ya taƙaita, bai faɗa kan kowa ba. Amma bulon da aka jera a kan katakon ciki ya zubo. Zainab tana kan gado tana barci. Ummanku ta kifa a kanta. Bulo ɗaya ya same ta a kafaɗar dama.

Na shigo na tarar da ɗakinmu a buɗe, ruwa yana sauka a kan gado, ita kuma tana durƙushe ta rungume yarinyar da hannu ɗaya. Abin da ta fara ce mini shi ne, "Je ka ɗauko Abba, kada ya biyo ta ƙarƙashin wayoyin wuta."

Littattafaina duk sun jiƙe a ranar, har da takardar digirin. Na shanya ta a rana ta bushe ta yi kamar ganda. Tun daga lokacin babu wanda ya taɓa cewa in nuna masa ita, har na yi ritaya, har na gaji da bin layin fansho. Wannan ƙasa ba ta tambayar abin da ka sani. Amma ba wannan na zauna rubutawa ba.

An kai Ummanku asibiti, an kai ta wajen mai ɗori. Ƙashi ya haɗe, amma hannun bai ƙara wuce kunnenta ba har ta koma ga Allah. Ka tashi kana ganin tana miƙa maka tulu ka ɗora mata, tana kiran wani ya sauko mata da kwalla daga saman kabad. Abin da ba ka gani ba, saboda muna tura ƙofa, shi ne ɗaurin ɗankwali. Kafin Zainab ta yi wayo ni nake ɗaura mata duk safiya. Ban taɓa iyawa ba. Takan dubi madubi ta ce, "Mai digiri, wannan ɗauri ne ko buhun gero ka kama?" In na sassauta ya zame, in na tamke ta ce zan fasa mata kai. Wata rana na tamke shi sosai, sai ta yi dariya ta ce, "Da haka aka ɗaure katakon nan, Malam, da yanzu da kaina nake yi." Iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan a kan maganar, duk tsawon zamanmu. Tana dariya ta faɗe shi. Ni ban yi ba.

Kawunka ya zo washegarin iskar, ya tsaya a tsakar gida ya dubi sama ya ce, "Iska ta Allah ce." Gaskiya ya faɗa. Iska ta Allah ce, amma langa-langa ta mutum ce, kuma ban iya gaya masa haka ba. Ban zage shi ba, ban kai shi ƙara ba, ban ko ɗaure masa fuska ba. Shi ne ya kasa haɗa ido da ƙanwarsa. Zuwansa ya ragu, daga sallah sai sallah, daga baya sallar ma sai aike. Ka sha tambayata me ya sa ba ka san 'ya'yan kawunka ba kamar yadda sauran yara suka san nasu. Ga dalilin. Ranar jana'izar Ummanku a sahun baya ya tsaya, kafin a dawo daga maƙabarta ya tafi.

Ka duba lissafin da kyau, Abba. Na sauke ƙafata daga tsani don kada zumunci ya ɓaci. Rufin ya tafi, kafaɗar ta tafi, zumuncin ma ya bi su. Da na hau a ranar, da ya ji haushi na mako ɗaya, mu haɗu a wani suna a yi mini tsiya, shi ke nan. Kara abu ne mai kyau, da ita muke zaune da juna a garin nan. Ka yi wa surukinka kara a wajen zama, a wajen cin abinci, a wajen magana. Amma iska ba ta san suruki ba.

Na ukun gajere ne, kuma kuskuren da na yi a cikinsa na wani iri ne dabam.

Akwai wani mai sayar da kwano da ƙusa a Sabon Gari da muke kira Baban Ngozi. Iyayensa daga kudu suka zo, amma shi a nan aka haife shi, Hausarsa har ta fi ta wasu 'yan Fagge gishiri. 'Yarsa ɗalibata ce. Da ya ji abin da ya faru, shi ya aiko mana da tamfol muka rufa ɗaki. Bayan Ummanku ta fara samun sauƙi na je yi masa godiya, na zauna a benci ina zagin masu rufi kaf, na ce duk ɓarayi ne.

Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ticha, ka gama? To tashi mu zaga. Ai yanzu ne lokacin zaɓen kafinta, iska ta riga ta yi maka makin jarrabawa."

Muka bi layi-layi, daga Sabon Gari har cikin Fagge. Ga gidajen da suka zama buɗaɗɗu, ga kuma na kusa da su da ko ƙusa ba ta ɗaga ba. Duk inda muka ga tsohon rufi a zaune daram sai mu yi sallama mu tambayi wanda ya yi. Suna ɗaya ya yi ta dawowa, wani Iliya, Kirista ne daga wajen Zariya, yana zaune a bayan kasuwa da iyalinsa. Wannan dabarar ka riƙe ta. Ba ta bukatar sanin kowa, ƙafa kawai take ci.

Iliya ya karɓi aikin. Ni kuwa wanda maciji ya sara, na zama masifa. Na ɗauki hutu a makaranta na tare a gindin tsani. Ya ɗaga guduma in ce me ya sa nan, ya yanka katako in ce ya yi gajere. Har ƙusoshin da suka lanƙwashe nake tsincewa ina nuna masa. A rana ta uku ya sauko, ya zuba kayansa a buhu ya ce, "Ticha, ko ka hau ka yi in riƙe maka tsani, ko ka tafi makaranta in yi. Mutum biyu ba sa tuƙa keke ɗaya." Ya saɓa buhu ya fita, ya bar mu da tamfol, ga hadari yana haɗuwa kullum.

Ummanku ta ce, "Wancan ka kasa duba shi, wannan ka kasa barin sa. Malam, kai ba ka da tsakiya ne?"

Baban Ngozi ne ya sasanta mu a shagonsa, yana yi mana dariya mu duka. Muka yi sharaɗi. Zan hau sau biyu: in an gama ɗaure katako kafin kwano ya rufe shi, da kuma in an gama duka. Tsakanin nan ba ruwana. Ranar hawan farko Iliya da kansa ya riƙe mini tsanin, ya biyo ni sama, muka bi kusurwa-kusurwa ina jan langa-langa da hannuna. A wuri ɗaya na ga ƙusa ɗaya ce kawai, na nuna masa. Nan take ya ƙara biyu. Muka mayar da rawani ta gabas da arewa. Rufin da ka kwana a ƙarƙashinsa jiya ke nan.

Saboda haka kada tsoro ya mai da kai irina. Wanda ka zaɓa bayan ka bincika, ka bar shi ya yi aikinsa, ka kai masa ruwan sanyi da abinci mai kyau, kada ka tsaya masa a ka. Amma hawa biyun nan ba a yafe su. Kuma ka lura da fuskar mutum lokacin da ka ce za ka hau. Wanda ya riƙe maka tsani, ka riƙe shi. Wanda ya mai da abin wasa don mutane su yi maka dariya, akwai abin da ba ya so ka gani, ko da shi kansa bai san mene ne ba.

Iliya ya rasu, Baban Ngozi kuma ya tsufa, ɗansa ne a shagon. Ba ni da sunan da zan ba ka, kuma ko ina da shi ba zan so ka ɗauka don na faɗa ba.

Na je na ga filin naka ranar da kuka tafi gaisuwar rasuwa, ban gaya maka ba. Na hau adaidaita har Kwaciri na zaga ginin. Ginin ya yi kyau, Allah Ya sa albarka. Amma gabas ɗinka a buɗe take, babu gida, babu bishiya, fili ne fetal, kuma daga nan hadarinmu yake zuwa. Wannan kaɗai cikin abin da na koyar har yanzu bai canza ba. Kada ka bar bakin kwano ya leƙo ta wannan ɓangaren, a ja rawani ya rufe shi, ko da masu wucewa za su ce gidan ya yi tsohon yayi. Katako ya zama busasshe, ɗanye yana murɗewa ya saki ƙusa, kuma a shafe shi da baƙin mai saboda gara. Ranar sayen kwano ka je da ƙafarka, ka kama gefensa ka lanƙwasa. In ya bi hannunka kamar gwangwanin madara, ka bar musu kayansu, ko wane launi ne da shi. Ƙusa kuma mai hula, a kan tudun kwano ba a cikin kwarinsa ba. Maganar kuɗi ba zan shiga ba, kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin ta nesa ba kusa ba.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Ban ce ka karɓe aiki daga hannun Alhaji Ɗanlami ba. Gidajen da ya rufa da yawa na danginsu Maryam ne, shigarsu ba za ta yi mata wuya ba, ta je zumunci ta ɗaga kai. In ta dawo ta ce silin fari ne tas, ka ba shi da zuciya ɗaya. Amma ranar da za ku ƙulla magana, ka sunkuyar da kai yadda ka saba, ka ce masa, "Alhaji, Baba ya ce sai ya hau ya gani kafin a sa kwano. Na yi na yi ya ƙi. Ka san halinsa."

Ai kuwa ya sani. Fagge kaf ta san Malam mai baƙin rai, wanda ba a gama gaisawa da shi sai ya soki gwamnati, wanda yara ke canza hanya in sun hango shi a dakali. Shekara da shekaru ina tara wannan suna, bai taɓa saya mini ko goro ba. Bari ya yi amfani sau ɗaya. In Alhaji ya riƙe mini tsani, alhamdu lillahi, ka samu mai rufi kuma ka samu suruki. In ya yi mini ba'a a gaban kafintocinsa, ya yi, na daɗe da tanadin amsa, wannan karon ƙafata ba za ta sauko ba. In kuma ya yi fushi, da tsoho mai rigima ya yi, ba da kai ba. Kai za ka ci gaba da durƙusa masa, Maryam za ta ci gaba da shiga gidansa, Ummi za ta san 'yan'uwanta. Kunyar ka bar mini ita, ni na san inda zan ajiye ta.

Abu biyu kawai nake so. A samo tsani mai matakai kusa-kusa, saboda gwiwar hagun nan ba ta lanƙwasuwa sosai, kuma a yi shi da safe kafin rana ta yi zafi. Sannan kada Zainab ta ji. In ta ji za ta zo daga gidanta ta ɓoye mini takalma.

Jiya da yamma ina zaune a tsakar gida, Ummi ta taho da gudu ta tsaya a gabana, ta ɗaga hannuwanta biyu sama wai in ɗauke ta. Sunan kakarta gare ta, goshin ma nata ne. Na daɗe ina kallon hannuwan nan, dukansu biyu a miƙe har sun wuce kanta, har ta gaji ta ce, "Kaka, ɗauke ni mana." Haka nake so su riƙa tashi, Abba, har ranar da za ta ɗaura wa kanta ɗankwali, har ranar da za ta ɗaura wa jikarta.

Allah Ya sa gidan ya zama na zaman lafiya. Ya sa ruwan da zai sauka a kansa na albarka ne, iskar da za ta bi ta kansa ta wuce salin-alin. Ya tsare ka a hanya da kasuwa, Ya tsare Maryam, Ya raya Ummi. Ya jiƙan Ummanku, Ya yafe wa kawunka, Ya yafe mini. Ba sai ka ba ni amsar wannan takarda ba, kuma in mun haɗu a zaure ba sai ka nuna ka karanta ba. Ranar da aka gama ɗaure katako ka aiko a gaya mini. Takalmana suna bakin ƙofa.

Ni ne,
Mahaifinka.